Jana'izar Ban Girma ga Mazan Jiya

Ranar Litinin 14 ga watan Yuli 2025, da muka fito da safe, sai muka tarar tutar makarantarmu ba ta kai ƙarshen sanda ba, ta tsaya a tsakiya. Wani yaro ɗan aji ɗaya ya zo da gudu ya ce mini wai igiyar tuta ta sarƙe, ko a nemo wanda zai hau ya kwance ta. Na ce masa igiya lafiyarta lau, da gangan aka bar tutar haka, domin jiya da yamma labari ya zo a rediyo cewa Allah ya yi wa tsohon Shugaban Ƙasa, Manjo Janar Muhammadu Buhari, rasuwa a wani asibiti a Landan. Yaron ya yi shiru, can sai ya ce, "To, Siniya, me ya haɗa mutuwa da tuta?"

Gaskiya a lokacin na rasa amsar da zan ba shi. Saboda haka na shiga tambayar malaminmu na tarihi, na riƙa sauraron rediyo, na kuma karanta jaridun da suke zuwa laburarenmu. Abin da na tattara ke nan nake so in gabatar wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da fatan zai zama da amfani.

Mece ce jana'izar ban girma?

A bisa al'adarmu, idan mutum ya rasu, jana'izarsa tana wuyan danginsa da maƙwabtansa. Su za su yi masa wanka, su nemo likkafani, su haƙa kabari, su kai shi makwancinsa. Amma akwai mutanen da suka ƙarar da rayuwarsu wajen yi wa ƙasa aiki, har ya zama rasuwarsu rashi ne ga jama'a baki ɗaya. Irin waɗannan, sai gwamnati ta karɓi hidimar daga hannun dangi, ta yi ta da sunan al'umma duka. Wannan shi ake kira jana'izar ban girma, ko jana'izar ƙasa. Watau ƙasa ce take tsayawa a matsayin dangin mamaci.

Ba Turawa ne suka koya mana girmama jarumi ba. Tun zamanin da, sarakunanmu sukan ba jarumin da ya yi fice a fagen fama doki da riga da sarauta, maroƙa su yi masa kirari, sunansa ya daɗe a bakin jama'a. Mu mutanen Batsari da Safana shaida ne, domin har yanzu tsofaffi suna ba mu labarin Ɗanwaire na Ruma, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 19. Abin da muka aro daga waje shi ne tsarin soja, irin su fareti da tuta da harbin igwa. Hausawa dai sun ce yabon gwani ya zama dole.

Wane ne aka karrama a Daura?

Yawancinmu ɗalibai mun san Buhari ne a matsayin Shugaban Ƙasa mai farar hula, daga 2015 zuwa 2023. Amma tun kafin a haifi iyayen wasunmu shi soja ne. An haife shi a Daura ranar 17 ga Disamba 1942. Ya yi karatu a makarantar sakandare ta lardi da ke Katsina, watau shi ma ɗan makarantar kwana ne kamarmu. Yana da shekara 19 ya shiga makarantar horon soja ta Kaduna, daga nan aka tura shi Ingila ƙarin horo, ya zama ƙaramin hafsa a watan Janairu 1963. Yana cikin sojojin Nijeriya da suka sami lambar aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar Kwango.

Da yaƙin basasa ya ɓarke ranar 6 ga Yuli 1967, yana cikin Runduna ta Ɗaya wadda Muhammadu Shuwa yake jagoranta. Bataliyarsu tana cikin waɗanda suka fara shiga fagen daga, daga Gakem suka nufi Ogoja, daga baya kuma ya yi aiki a yankin Awka. Yaƙin ya ɗauki wata 30 ana yi, sai ranar 15 ga Janairu 1970 aka kawo ƙarshensa. Ana ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan ɗaya suka rasa rayukansu, akasarinsu yunwa ce ta kashe su. Bayan haka, a 1983, lokacin da yake shugabantar rundunar soja ta Jos, shi ya jagoranci korar sojojin Chadi da suka shigo tsibiran Nijeriya na Tafkin Chadi. A ƙarshen wannan shekara ya zama Shugaban Ƙasa na mulkin soja, har zuwa watan Agusta 1985.

Lambobin da soja yake jerawa a ƙirjinsa ba ado ba ne. Kowace tana da abin da take nufi. Wata ta halartar wani yaƙi ce, wata ta daɗewa a aiki ba tare da laifi ba, wata kuma ta nuna jarumta. Ban da na soja, akwai lambobin girma na ƙasa waɗanda aka kafa da doka a 1964. Iri biyu ne, akwai ta Tarayya, akwai ta Neja, kowace kuma tana da hawa huɗu. Mafi girma duka ita ce wadda ake taƙaitawa da GCFR, wadda bisa al'ada shugabannin ƙasa ake ba. Marigayin yana da ita, yana kuma da na soja da dama.

Yadda aka yi hidimar

Da labarin rasuwar ya tabbata ranar Lahadi 13 ga Yuli, Shugaba Bola Tinubu ya tura mataimakinsa Kashim Shettima zuwa Landan domin ya rako gawar gida. Aka ba da umurni a sauko da tutoci zuwa rabin sanda har kwana 7, aka kuma ba da hutu a ƙasa baki ɗaya ranar Talata 15 ga wata.

A ranar Talatar da rana jirgi ya sauka a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina. Shugaban Ƙasa da kansa ya zo tarbar gawar, tare da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa da sauran manyan ƙasa. An lulluɓe ta da tutar Nijeriya mai kore da fari, manyan hafsoshi suka rako ta suna maci a hankali, sojoji sun jeru suna ban girma. Daga nan aka bi hanyar mota zuwa Daura, tafiyar kimanin kilomita 80. Baƙi sun zo har daga ƙasashen waje, cikinsu akwai Shugaban Gini Bisau na lokacin, Umaro Sissoco Embalo, da Firayim Ministan Nijar Ali Lamine Zeine, da tsohon Shugaban Nijar Mahamadou Issoufou.

A Daura aka yi masa salla a wani fili kusa da gidansa. Babban Hafsan Tsaron Ƙasa na lokacin, Janar Christopher Musa, ya karanta tarihin aikinsa, aka yi harbin ban girma sau 21, sa'an nan aka sa shi a kabari cikin harabar gidansa kafin faɗuwar rana. Mu a makaranta an ba mu izini mun taru a ɗakin taro muna kallo a talabijin, kuma ban taɓa jin ɗakin nan ya yi tsit kamar ranar ba.

Ma'anar abubuwan da muka gani

Yanzu bari in koma ga tambayar ɗan aji ɗaya. Tuta ita ce alamar ƙasa, kuma tsayuwarta a ƙarshen sanda tana nuna ƙasa tana cikin ƙarfinta da walwalarta. Idan aka sauko da ita, kamar mutum ne ya sunkuyar da kai don baƙin ciki. An ce al'adar ta samo asali ne daga jiragen ruwan Turawa, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Akwai kuma ƙa'idar yin ta. Ba a ɗaga tuta a tsaya a tsakiya kai tsaye, sai an kai ta ƙarshen sanda tukuna, sa'an nan a sauko da ita. Haka nan da yamma, sai an sake kai ta sama kafin a sauke ta gaba ɗaya.

Lulluɓe gawa da tuta kuwa yana nufin ƙasar da mutum ya yi rantsuwa zai kare, yau ita take rufa masa asiri. A jana'izar soja akan cire tutar kafin a binne gawa, a naɗe ta da kyau, a miƙa wa magajin mamaci, wani lokaci har da hularsa da takalmansa, su zama abin tunawa ga iyali.

Harbin ban girma ma daga teku ya fito. An ce a zamanin da, idan jirgin yaƙi ya doshi tashar wata ƙasa da niyyar alheri, sai ya harbe igwoginsa duka a iska, domin a ga ba shi da sauran abin cutarwa, tun da ɗura igwa a lokacin aiki ne mai cin lokaci. Jirgi yakan harba sau 7, na kan tudu kuma su mai da uku a kan kowane ɗaya, ya zama 21. Daga nan wannan adadi ya zama gaisuwa mafi girma, wadda ake yi wa shugabannin ƙasashe. Ashe ke nan harbin da muka ji ba na faɗa ba ne, asalinsa alamar aminci ce.

Sai kuma busar bigila. A bariki akwai busar da ake yi da dare don sanar da cewa aikin yini ya ƙare, kowa ya koma makwancinsa. Ita ce ake busa wa soja a bakin kabari, watau ana ce masa aikinka ya ƙare, sai ka huta.

Inda ban girman soja yake tsayawa

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Duk faretin nan da harbin nan, a bakin kabari suka tsaya. Da aka zo wajen salla, liman ne ya shiga gaba, manya da ƙanana suka yi sahu a bayansa, aka yi kabbara huɗu ba ruku'u ba sujada, kamar yadda ake yi wa kowane Musulmi. Da aka zo sa shi a kabari, ba lambar da ta bi shi, ba kaki, ba tuta. Farin likkafani ne kawai, irin wanda ake sa wa manomin ƙauyenmu, aka kwantar da shi a gefen dama yana fuskantar alƙibla, aka mai da ƙasa. Lalle mutuwa rigar kowa ce.

Haka nan wajen gaggawa. A wasu ƙasashe jana'izar ƙasa takan ɗauki kwanaki da yawa. Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya rasu ranar 5 ga Disamba 2013, ba a binne shi ba sai ranar 15 ga wata. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022, aka yi jana'izarta ranar 19. Mu kuwa addininmu ya koya mana gaggauta kai mamaci makwancinsa. Janar Sani Abacha, ranar da ya rasu a Abuja, 8 ga Yuni 1998, a ranar aka binne shi a Kano. Kwana biyun da aka yi kafin a binne Buhari ma, nisan ƙasar da ya rasu ne ya jawo. Wannan ya nuna mana cewa tsarin gwamnati da koyarwar addini suna iya tafiya tare, muddin kowa ya san iyakarsa.

Gardamar da muka yi a ɗakin kwana

A daren ranar gardama ta kaure a ɗakinmu. Wani abokina ya ce shi bai ga dalilin wannan hidima ba, alhali yankinmu yana cikin halin da yake ciki. Ya tuna mana da mutum 30 da 'yan bindiga suka kashe a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari a watan Fabrairu 2020, da ɗalibai fiye da 300 da aka kwashe daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na wannan shekara. Ya ce su wa aka sauko wa da tuta? Wani kuma ya taso masa da faɗa, yana cewa ba a faɗin irin wannan magana ranar makoki.

Na yi ta juya maganar a zuciyata. Ba na ganin abokina ya yi laifi, domin wanda ya kwana a daji don tsoro ba a hana shi magana. Amma abin da na fahimta shi ne, jana'izar ban girma ba hukunci ba ce a kan duk abin da mutum ya aikata. Mutane sun sha bamban a kan mulkin kowane shugaba, wasu su yaba, wasu su kushe, kuma masana tarihi za su ci gaba da auna wannan. Hisabi na gaskiya kuwa yana wurin Allah. Abin da ƙasa take yi a ranar shi ne amincewa da cewa wannan mutum ya taɓa sa ransa a hatsari domin ta zauna ɗaya, ya kuma riƙe amanar shugabancinta. Bashi ne take biya.

Sai dai ba kullum ƙasa take biyan bashin daidai ba. Jiharmu ta haifi manyan sojoji da suka taka rawa a yaƙin basasa. Akwai Janar Hassan Usman Katsina, ɗan Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi gwamnan Arewa daga 1966 zuwa 1967, ya kuma shugabanci sojan ƙasa ana cikin yaƙin, ya rasu a 1995. Akwai Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi yaƙin, ya zama na biyu a gwamnati daga 1976 zuwa 1979, amma a kurkukun Abakaliki ya rasu a watan Disamba 1997, aka kawo gawarsa Katsina. Idan babban hafsa irinsa zai iya ƙarewa haka, ina ga kurtu?

Waɗanda ba a yi wa harbi ba

Kafin yaƙin basasa sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba, amma kafin a gama sun kai kusan 250,000. Daga ina aka samo su? Daga gonaki da kasuwanni da makarantun allo, har da ƙauyukanmu na bakin dajin Rugu. Janar ba ya yaƙi shi kaɗai, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A ƙauyenmu, tsakanin Batsari da Safana, akwai wani tsoho da muke kira Baba Soja. Yana saurayi ya bar garma ya shiga soja ana tsakiyar yaƙi, ya dawo da tabon harsashi a cinya, yana ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa. Lambobinsa biyu suna cikin wani tsohon gwangwani a ƙarƙashin gadonsa. Idan muka dame shi da roƙo yakan fito da su, ya goge da bakin rigarsa, ya bari mu taɓa. Ba ya son labarin harbi. Abin da ya fi ba mu labari shi ne ruwan sama na kudu da ba ya ɗaukewa, da yaran da ya gani yunwa ta kumbura musu ciki. Kullum yakan rufe da cewa, "Jikokina, kada ku yarda a ce muku yaƙi wasa ne."

Na sha ganinsa yana jiran mota a bakin hanya da takardunsa a leda, zai tafi birni neman haƙƙinsa na fansho, ya dawo da yamma a ce masa sai wani watan. Ya rasu a daminar 2024. Ina gida hutu, ina cikin waɗanda suka bi makararsa. Ba mu fi mutum 40 ba, domin rabin gari sun yi gudun hijira, kuma sauri muke yi mu gama kafin la'asar sakaliya, don ba mai son duhu ya riske shi a bayan gari. Ba tuta, ba bigila. Amma da na ga yadda aka sa Janar a kabari a Daura, sai na ga likkafaninsu iri ɗaya ne, ƙasar da aka mai da musu ma iri ɗaya ce.

Ƙasashe sun daɗe da gane cewa ba za a iya yi wa kowane soja jana'izar ƙasa ba. Shi ya sa ranar 11 ga Nuwamba 1920, bayan yaƙin duniya na ɗaya, Ingila da Faransa kowace ta ɗauko gawar wani soja da ba a san sunansa ba, ta karrama ta a madadin sauran duka. A Nijeriya ma akwai irin wannan wurin tunawa a Abuja. Da can a ranar 11 ga Nuwamba muke tunawa da 'yan mazan jiya, daga baya aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare. A ranar akan ajiye furanni, a saki fararen tattabaru, kafin ranar kuma akan sayar da ɗan bajo domin taimakon tsofaffin sojoji da matan da aka bari da marayu.

Har yanzu kuma ana samun sababbin mazan jiya. Akwai sojoji da 'yan sanda da suke kwana a bakin daji domin mu kwana a gida. Akwai samarin rundunar tsaron al'umma da gwamnatin jiharmu ta kafa a watan Oktoba 2023, wasunsu yayyenmu ne da muka tashi tare. Cikinsu akwai waɗanda suka fita da safe ba su dawo ba.

Daga ƙarshe

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan muka je hutu, kowa ya nemi tsohon sojan da ke unguwarsu, ya gaishe shi, ya zauna ya saurari labarinsa, in da hali ma ya rubuta shi ya kawo wa wannan mujalla, tun kafin a nemi masu ba da labarin a rasa. Ina roƙon iyayenmu su riƙa tunawa da matan da marayun waɗanda suka rasu wajen tsaronmu, lokacin fid da zakka da lokacin salla. Hukuma kuma ta sauƙaƙa wa tsofaffi karɓar haƙƙinsu tun suna raye, domin harbin ban girma masu rai ne suke jinsa, mamaci addu'a yake bukata.

Shi kuwa ɗan aji ɗaya, na neme shi na ba shi amsarsa. Da kwana bakwai suka cika, shi aka zaɓa ya ja igiya, ya kai tutar ƙarshen sanda.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, manyansu da ƙanansu, ya ba ƙasar Ruma da ƙasar Yarima da Nijeriya baki ɗaya zaman lafiya, amin.